Shagon fotokwafi mai littattafan kyauta a bakin ƙofar kwalejinmu: yabo da gyara

Layin masu fotokwafi da ke bakin ƙofar kwalejinmu a Kano ba ya rabuwa da cunkoso, kuma kusan duk shagunan sana'arsu ɗaya ce: kwafin takardun shaida, buga furojet, ɗaukar fasfo, cike fom ɗin rajista a intanet. Shago ɗaya ne ya fita daban. Na daɗe ina tura ɗalibaina na Bayoloji can, kuma abokan aiki daga wasu makarantu sun sha tambayata ko su ma su tura nasu. Amsata ita ce su tura, amma da sharuɗɗa, domin idan malami bai sa ido ba ɗalibi zai kashe kuɗinsa ya dawo da takardun da ba za su amfane shi ba. Ba zan faɗi sunan shagon ba, tunda akwai gyara a maganar, mai shi kuma mutumin kirki ne da ke neman halaliyarsa.

Ɗaki ɗaya ne. Babban injin kwafi a bakin ƙofa, firinta biyu, bencin mutum huɗu, sai wata tsohuwar kwamfutar tebur a kusurwa, wadda ita ce jarin gaske. A cikinta mai shagon ya tara littattafan karatu waɗanda masu su suka saka a intanet kowa ya ɗauka kyauta, irin waɗanda takardun hukuma ke kira OER. Ya jera su jaka-jaka: kimiyya daban, sashen ilimi daban, Larabci da Addinin Musulunci daban, kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗan aji ɗaya ke yi su ma daban. Aiki uku yake yi da su. Ko ya tura wa mutum littafin cikin waya ta Xender, ko ya buga masa babin da yake so, ko ya haɗo babi-babi daga wurare dabam-dabam ya yi musu bayindin su zama kundi guda. A cewarsa ba littafi yake sayarwa ba, kuɗin takarda da tawada da wuta yake karɓa, sai ɗan ladan nemowa. Littattafan nan a buhu suke zuwa, shi kuma yana auna wa ɗalibi a mudu daidai aljihunsa.

Wani zai ce abin da ke intanet kyauta me ya kawo biyan kuɗi? Mai faɗin haka bai taɓa gwada sauke littafi mai shafi dubu da hotuna masu launi a ƙaramar waya ba, da datar naira ɗari biyar, a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube bayansa, littafin kimiyya da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin ɗalibin NCE, ya ma fi ƙarfin malaminsa. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Yarinyar da aka ƙidaya wa kuɗin mota da na abincin rana aka ba ta, idan ta samu cikakken littafi ya shiga wayarta cikin mintuna a kan naira 200, ba ta taɓa datarta ba, ta yi ciniki mai kyau. Ban da haka ma, yawancin ɗalibai ba su san littattafan suna nan ba. Sanin inda suke shi ne rabin abin da ake biya.

Kaso mafi yawa na abin da ke cikin kwamfutar littattafan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ne, wato NOUN. Jami'ar tana da tarihi mai ban mamaki: an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. Mu mutanen Kano mun ƙara saninta lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tunda ɗalibanta ba sa zama a aji kullum, dole kowane kwas ya kasance da rubutaccen littafinsa, kuma jami'ar ta ɗora waɗannan littattafai a shafinta, ba sai mutum yana ɗalibinta ba zai sauke. Tsarinsu ɗaya ne duk inda aka buɗe. An raba littafi zuwa manyan rukunai, kowane rukuni zuwa ƙananan darussa, kowane darasi kuma yana farawa da gabatarwa da manufofi, sai gundarin bayani, sai kammalawa da taƙaitawa, sai tambayoyin aikin gida da suke kira TMA. Ga ɗalibin da ke karatu shi kaɗai da dare, wannan tsari yana da amfani ƙwarai, domin yana sanin inda ya tashi da inda zai tsaya. Turancin ma na gida ne, malaman Najeriya ne suka rubuta, misalan kuma na Najeriya. A lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, mai shagon ya ce 'yan jami'a ne suka riƙe masa ciniki, suna zuwa ɗibar littattafan NOUN don kada karatu ya gudu.

Amma akwai tarko a nan, kuma yadda mai shagon ke kauce masa shi ne abin da ya fara burge ni. Lambar kwas a NOUN ba ita ce lambar kwas a kwalejin ilimi ba. Mu manhajarmu daga hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, take, tasu ta jami'a ce. Ko kwasa-kwasan gama-gari mu GSE muke kiransu, su kuma GST. Ana iya samun lamba iri ɗaya, abin da ke ciki kuma ya sha bamban. Ina zaune a bencin ina jiran aikina wata ɗaliba ta leƙo, da ganinta sabuwar shiga ce, ta ce, "Yaya, don Allah akwai EDU 111?"

Bai taɓa kwamfutar ba. Ya ce, "Akwai, amma kawo littafinki in ga abin da malaminku ya rubuta muku a ranar farko."

Ta zaro littafin rubutu daga jaka, ya bi jerin batutuwan da yatsa yana motsa baki, sannan ya buɗe littattafai biyu a allo ya kwatanta da shafin abubuwan da ke ciki. Ya ce, "Kin ga mai lambar da kika faɗa, rabinsa ne naku. Sauran batutuwan suna cikin wannan ɗayan. In buga miki darasi uku daga nan, huɗu daga can, ko in tura miki duka biyun ki duba tukuna?" Ta zaɓi turawa. Da ya ga dama da ya buga mata duka littafin farko ya karɓi kuɗin shafi ɗari biyu, ba za ta gane ba sai jarrabawa ta matso. Shi kansa difloma yake da ita, ba a fannin ilimi ba, amma yawan mu'amala ya sa ya haddace manhajar sassa da dama fiye da wasu masu koyar da ita.

Gyarana na farko a nan yake. Bai cika sabunta abin da ya tara ba. Littafin da ya sauke shekarun baya shi ne dai a jakar, ko da an yi sabon bugu. Ga Tarihin Ilimi ko Nahawun Larabci wannan ba wata matsala ba ce. Ga kwas ɗin kwamfuta ko na dokokin haraji kuwa matsala ce babba. 'Yan jami'a su ƙara kula, domin hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS a ƙarshen 2022 ta maye gurbin tsohuwar, wato BMAS, kwasa-kwasai da dama sun canza suna da lamba. Duk wanda zai karɓi littafi ya ce a nuna masa shekarar bugu kafin a danna firinta.

Inda na fi daɗewa ni dai shi ne jakar OpenStax, domin da ita nake koyarwa. Wannan shiri ne na Jami'ar Rice da ke Houston a jihar Texas ta Amurka, wanda ya fara fitar da littattafai a 2012 saboda tsadar littafi ta ishi ɗaliban can su ma. Malamai ne ke rubutawa, wasu malaman su tantance, kamar dai yadda kamfanonin ɗab'i ke yi, sannan a saki littafin kyauta. Na Bayoloji babba babi 47 ne, ya haura shafi dubu. Akwai ƙaraminsa mai babi 21 da aka yi don waɗanda ba Bayoloji ne fanninsu ba, kuma shi na fi tura 'yan aji ɗaya gare shi. Akwai na Kemistiri, na Fiziks, na lissafi, na tattalin arziki, da na sassan jikin ɗan Adam mai babi 28 wanda ɗaliban makarantun jinya da na kiwon lafiya ke tsallako titi su zo nema. Ingancinsu ba abin musu ba ne. Bayanin sikila da ke babin sinadaran jiki, inda aka nuna yadda canjin ƙwayar amino guda ɗaya, wato tubalin ginin furotin, a matsayi na shida a jerin furotin ɗin jini ke lanƙwasa ƙwayar jini, ya fi duk wani handaut da na taɓa gani a kan batun. A ajina kuwa da wuya a rasa wanda ke da ƙani ko 'yar uwa mai sikila, saboda haka ranar da muka karanta wannan shafi ba na roƙon kowa ya yi shiru.

Sai dai ƙarfin littattafan OpenStax a hotunansu yake, kuma a nan shagon ke yi musu illa. Bugun launi tsada gare shi, naira 200 kowane shafi a zangon da ya wuce, saboda haka kowa baƙi da fari yake bugawa. Don a ƙara rage kuɗi kuma yaron shagon ya ƙware wajen matse shafi huɗu a fuskar takarda ɗaya. Wani ɗalibina ya kawo mini kundinsa a ofis yana cewa, "Malama, wallahi na karanta zagayawar jinin nan har na gaji, ban gane ba." Na karɓa na duba. Hoton zuciya ne wanda a asali aka yi wa jini mai iskar shaƙa ja, marar ita shuɗi, kibiyoyi suna nuna inda kowanne ya nufa. A takardarsa ja da shuɗin duk sun koma toka-toka iri ɗaya, hoton bai fi faɗin akwatin ashana ba, sunayen sassan kuma sun zama ɗige-ɗige. Tawadar ma ta kusa ƙarewa ranar, wani farin layi ya ratsa tsakiyar zuciyar daga sama har ƙasa. Yaron ba daƙiƙi ba ne. An ba shi taswira ce da aka goge hanyoyinta. Na buɗe masa ainihin shafin a wayata, bai yi minti biyu ba ya ce, "Au, ashe nan ne ya juya." Araha ba ta ado. Tun daga lokacin ƙa'idata ga ɗalibai ita ce: rubutu a buga, shafi biyu a fuska iyaka, hoto kuma a kalle shi a waya, ko mutum biyar su haɗa kuɗi su buga shafukan hoto da launi su riƙa karɓa-karɓa. Na roƙi mai shagon ya riƙa faɗa wa 'yan kimiyya haka da kansa. Yana faɗa idan yana nan. Idan yaronsa ne a kan injin, huɗu-huɗu za a sha.

Wani abin kuma ba laifin shagon ba ne, yanayin littafin ne. An rubuta shi don ɗalibin Amurka, misalai da yawa na dazuzzuka da tafkunan can ne, na tattalin arzikin kuma da dala yake lissafi. To amma a nan ne amfanin buɗaɗɗen lasisi yake, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba karantawa kyauta kaɗai aka yarda ba. An yarda malami ya yanka, ya ƙara, ya sauya, ya fassara, muddin ya ambaci inda ya ɗauko. Ni na ɗauki babin alaƙar halittu da juna na sa ƙuduji a gonar dawa da kauci a kan bishiya a matsayin misalan tsiron da ke rayuwa a jikin wani, na sa tsargiya da dodon koɗin da ke ɗauke da ita a bakin madatsun ruwa, na ƙara ɗan bayani da Hausa a gefen wuraren da na san Turancin na kayar da su. Shafi talatin da 'yan kai ya zama. Na kai wa mai shagon na ce ya sa a jakarsa, duk wanda ya zo ya ba shi a kuɗin takarda, ko ɗan wace makaranta ne. Daga baya na ji ana amfani da shi a wata kwalejin da ban taɓa shiga ba. Ban san adadin malaman da ke yin irin wannan ba a layinmu, amma a jakar da ya ware wa aikin malaman gida fayilolin ba su cika allo ɗaya ba.

Gyara na biyu ya fi na farko nauyi. Don tattalin takarda, shagon yana cire shafukan farko na kowane littafi: sunan marubuta, shekarar bugu, da shafin lasisi. Ɗalibi sai ya riƙe kundi ba ya sanin wa ya rubuta, ya zo rubuta furojet ya rasa abin da zai sa a manazarta, ko ya kwafe kai tsaye yana ganin abin ba shi da mai shi. Alhali sharaɗin farko na lasisin Creative Commons, wato buɗaɗɗen lasisin da ke kan littattafan OpenStax, shi ne a ambaci mai abu. Wasu littattafan suna da ƙarin sharaɗin cewa ba a yarda a yi kasuwanci da su ba, kamar na lissafin Calculus na OpenStax. Littattafan NOUN kuwa, tsofaffin bugu da yawa suna ɗauke da rubutun cewa an kiyaye dukkan haƙƙin mallaka, wato saukewa kyauta daban, izinin sauyawa da sake bugawa daban. Duk wannan a shafin da ake cirewa yake.

Na yi masa maganar wata rana da rana tsaka, layin ya yi sauƙi. Na ce, "Malam, shafin nan da kuke yarwa shi ne takardar izininka."

Ya yi dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗalibi na kirga shafi kamar yana kirga canji. In na sa masa shafin da babu karatu a ciki sai ya ce na cuce shi naira arba'in."

Na ce to ya rubuta layi biyu a saman shafin farko: sunan littafi, masu shi, shekara, irin lasisi. Ya yi hakan ga jakar Bayoloji da ta Kemistiri, sauran suna nan yadda suke.

Batun kasuwancin ma ba ƙaramin abu ba ne, har kotu ya kai a Amurka. Wata ƙungiya mai suna Great Minds, mai wallafa manhajar lissafi da lasisin da ya hana kasuwanci, ta kai kamfanin FedEx ƙara saboda shagunansa na buga wa makarantu kayanta suna karɓar kuɗi. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta ce babu laifi, tunda makarantar ce ke da izinin amfani, shagon aikinta kawai ya yi mata. Hukuncin can ne, ba ya hawa kanmu, mu tamu dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ce wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Amma hankali zai ɗauki bambancin: ɗalibi ya zo ya ce a buga masa abu ɗaya ne, mai shago ya buga guda hamsin ya jera a kanta da farashi wani abu ne daban. Shagon nan yana yin na biyun a makon jarrabawa, kuma ba ya duba wane littafi ne ke da wane sharaɗi.

Akwai kuma wata jaka a kwamfutar da aka rubuta wa "Sauransu". Abin da ke cikinta ba na kyauta ba ne ko kaɗan: littattafan kamfanonin ɗab'i ne da wani ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, har da na marubutanmu na gida waɗanda ake sayar da littattafansu a kantunan Sabon Gari. A wurin yaron shagon duk PDF ne. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai, domin yana zubar da mutuncin sauran aikin. Malamin da ke neman dalilin hana ɗalibansa zuwa ya samu a sauƙaƙe, sai ya ce ai shagon ɓarayin littafi ne, ya haɗa halal da haram ya yi watsi da su gaba ɗaya.

Masu neman dalilin kuwa suna nan. Makarantu da yawa sun hana tilasta sayen handaut, amma kowa ya san yadda ake yi: ta hannun kilas-ref, wato wakilin aji, da jerin sunayen waɗanda suka biya. Malamin da ke samun wani abu daga handaut mai shafi ashirin da ya rubuta tun kafin a haifi wasu ɗalibansa ba zai yi murna da shagon da ke ba da babin da ya fi nasa a rabin kuɗin ba. Ba na zagin kowa, albashin malami a yau ba ya kai shi ƙarshen wata, na sani domin a jikina nake ji. Amma wani abokin aikina ya taɓa tsayawa a aji ya ce duk wanda ya amsa masa tambaya da bayanin da ba na handaut ɗinsa ba ya kuka da kansa. Irin wannan ne ke sa ɗalibi ya sayi biyu, na malam don maki, na shago don fahimta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne aikin nan ba na mai fotokwafi ba ne tun asali. A 2017 NUC, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed na shugabantarta, tare da tallafin Commonwealth of Learning, ƙungiyar bunƙasa ilimi ta ƙasashen Commonwealth, ta fito da manufar ƙasa kan irin waɗannan kayan karatu a manyan makarantu, jami'o'i kuma suka yi ta buɗe shafukan ajiye su. A watan Nuwamban 2019 ƙasashen UNESCO suka amince da shawarar da ke kira ga gwamnatoci su tallafa wa abin. Mu ma guguwar ta iso mu. Aka aiko da takarda kowane malami ya kawo abin da ya rubuta a ɗora. Wasu suka kawo tsofaffin handaut da aka ɗauka a hoto a karkace, wasu suka kawo takardun da suka gabatar a taro don neman ƙarin girma, babu wanda aka zaunar aka yi wa bayanin lasisi. Aka ɗora, aka rubuta rahoto, aka wuce wurin. Yau idan na tambayi aji wa ya taɓa shiga shafin, kallon juna suke yi. Abin da ya kamata ma'aikacin laburare ya yi, wato ya zauna da manhaja a hannu ɗaya da littattafan kyauta a ɗaya hannun ya ce wannan babi na wannan kwas ne, shi mutumin nan ke yi a bakin titi, da janareta.

Ɗaliban sashen firamare da masu shirin fita gwajin koyarwa, wato TP, su tambayi jakar TESSA. Shiri ne na horar da malamai a Afirka kudu da Sahara, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta tun 2005, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, na cikin abokan aikinsa. Darussa ne na yadda za a koyar da aji mai yara da yawa da kayan da ke hannu, duwatsu da murafan kwalba da waƙa. A gefenta akwai 'yan littattafan labarin yara na African Storybook, har da na Hausa. Jakar ba ta samun masu tambaya, mai shagon ma ya ce ya kusa goge ta don ya samu wuri, na hana shi.

Sauran bayanai ga mai niyyar zuwa. Bugun baƙi da fari naira 50 ne shafi, gaba da baya naira 80 takarda, bayindin mai zobe daga naira 500 zuwa sama gwargwadon kauri, amma farashin na bin kuɗin rim ɗin takarda, yana iya motsawa kafin a karanta wannan. Kada kowa ya ce a buga masa babban littafin Bayoloji dukansa, kuɗin zai haura naira dubu arba'in, zoben ma ba zai riƙe ba. Yana karɓar tiransifa, akwai kuma mai POS a maƙwabta. Yana da sola da ke riƙe kwamfuta da ƙaramar firinta, babban injin kuwa sai da NEPA ko janareta, idan an tayar da janareta kuma akwai ƙarin naira goma a shafi. Da safe kafin ƙarfe goma ya fi sauƙi. Makon jarrabawa layi har titi, a ranakun ne kuma ake samun shafi ya ɓace a tsakiyar kundi ko babi ya zo a juye, saboda haka a ƙirga shafuka kafin a bar wurin. Suna rufewa lokacin sallar Azahar da La'asar, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Mata na samun wurin zama, mai shagon na tayar da samari daga benci idan ɗalibai mata sun zo, ba ya kuma barin a tsaya ana surutun banza a ƙofa, abin da ya sa iyaye da mazajen wasu ɗalibaina ba sa damuwa da zuwansu.

Kada a kai filash. Kwamfutar na cike da bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, ya taɓa cinye mini tambayoyin gwaji na zango guda. A tura ta waya, ko a aika masa ta WhatsApp.

Ga 'yan Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, lissafi, jinya, ilimi da Addinin Musulunci, shagon ya fi laburaren da na sani kusa amfani, idan malami ya rubuta wa ɗalibai sunan littafi da lambar babi kafin su je, ya kuma hana su jakar "Sauransu". 'Yan Faransanci da 'yan zane-zane da masu koyon aikin katako da ƙarfe kuwa jakunkunansu kusan wayam suke, kada su ɓata kuɗin mota.